Gashin kwasa-kwasa uku a cikin langa

Kifi banda na sayar yawancin rayuwata, a rumfa ɗaya, a kasuwar Asafo da ke Kumasi. Uwata ma shi ta sayar. Mma muke ce mata. Ita ta fara bin motar Yeji, garin da ke bakin babban tabkin da aka tare, tun tabkin yana sabo, tun itatuwan da ruwa ya cinye suna tsaye da sauran rassa a kansu. Ban yi boko ba, ban yi nisa a allo ba, wannan ma faɗa nake ana rubutawa. Amma fiye da shekara ashirin ina samun wasiƙa daga bakin ruwa, kuma ban taɓa neman wanda zai karanta mini ba.

Akwai wani tsuntsu da ba a gani a Kumasi. Fari ne, ƙato, bakinsa dogo da jaka a ƙasa. Kakana ya san shi tun a ƙasar Haɗeja kafin fataucin goro ya kawo shi nan, shi ya gaya wa Mma sunansa: kwasa-kwasa. Ba su da yawa a tabkin. Wata shekara su zo goma, wata shekara su ɗan fi haka. In ruwa ya fara ja baya, sai su sauka a kan wani tudun yashi, tafiyar rabin yini a kwale-kwale daga Yeji. Su jeru kamar sahu, su kora kifi zuwa inda ruwa bai da zurfi, su tsoma baki lokaci guda. Na sha zama ina kallonsu. Ba sa rigima, ba sa gaggawa, kuma ba sa sauka inda babu abinci.

Sauran mata a Yeji suke saye ranar kasuwa, kifin da ya riga ya bi hannu uku. Mma ba ta yarda da wannan ba. Ta bi tsuntsayen har ta sami wani ɗan ƙauye na masunta daura da tudun, ta ƙulla da wata mata a can. Mutanen daga kudu suka hauro, wajen bakin teku. Matar muna ce mata Maame. Ta girme ni, Mma ta girme ta. Hausarta a karye take, Tiwinmu ma, yaren mutanen Kumasi, ba wani na kirki ba, amma ba a taɓa samun saɓani ba. Tarwaɗarta ko a cikin dubu zan gane ta: takan lanƙwasa wutsiyar ta hagu, ta soke da tsinken kwakwa, ta yi bandar da busasshen itacen kaɗanya, a ƙarshe ta watsa ɗanyar ciyawa a wutar, kifin ya yi ja kamar an shafa masa manja.

Ga yadda suke yi. In tsuntsayen sun sauka, Maame ta tsinci gashi ɗaya a bakin ruwa, ta soke shi a ƙarƙashin igiyar kwandon farko, ta ba direba. Gashi yana nufin ki zo, kifi ya samu. In kwando ya zo babu gashi, ki zauna, kada ki ɓata hanya. Mma takan zare gashin tun a tasha, ta cusa a haɓar zane kafin kowa ya lura. Ranar da ta miƙa mini sana'ar ta ce, "Hanya kina iya nuna wa mutum in ta kama. Wannan kuwa tsakaninki da ita ne." Da Mma ta rasu, na ci gaba da zarewa a tasha kamar yadda na ga tana yi.

Ina da ƙawa. A lungu ɗaya muka tashi a Zongo, unguwar Hausawa, bayan gidanmu bayan gidansu. Tun muna 'yan mata aka ƙulla mana ƙawance yadda ake yi a da, iyayenmu mata suka zauna, aka raba goro. Ita mai dariya ce, ni ba ni da ita. Mutane sukan ce yaya aka yi muka jitu. Da ta yi aure aka kai ta unguwar Dichemso, sai muka sayi langa guda, koriya, mai murfi. Kowace Juma'a langar nan tana hanya. Wannan mako ta fito daga gidana da tuwo da miyar kuka, mako mai zuwa ta dawo daga gidanta da wake da shinkafa ko abin da Allah ya hore. Ba ta taɓa tafiya babu komai a ciki ba. Ko ranar da na haifi ɗana na fari ta yi tafiyarta.

Atamfa take sayarwa a da, har gobara ta ci rumfarta. Ta zo gidana ko kuka ta kasa. Na ce, "Tashi. Gobe ki same ni a Asafo." Na matsar da kwandunana na ba ta rabin gaban rumfa. Na koya mata yadda ake ƙwanƙwasa kifi a ji ko ya bushe har ciki, yadda ake shinshina ƙasan kwando ba samansa ba, yadda ake gane wanda aka shafa wa mai don a rufe tsufansa. Sau biyu na tafi da ita har ƙauyen Maame. Ta yi amai a kwale-kwale, Maame ta yi mata dariya, ta ba ta ruwan citta. Gashin ne kawai ban gaya mata ba. Ba don ina zarginta ba. Maganar Mma ce, na riƙe. Har nakan ji kunya a raina, in ce mace tana ba ni duk sirrinta, ni ina ɓoye mata gashin tsuntsu.

Maigidana tela ne. Ya rasu daidai lokacin da ruwa ke fara ja baya, Allah ya jiƙansa. Zazzaɓin kwana huɗu. Na shiga takaba, wata huɗu da kwana goma, babu kasuwa, babu tasha, balle Yeji. Kuma waɗannan watannin su ne kakar kifin gaba ɗaya. Wanda bai je ba a lokacin, sai baɗi. A wancan zamanin waya ba ta kai bakin ruwa ba.

Bayan addu'ar bakwai ƙawata ta zauna kusa da ni a kan tabarma, ta dafa gwiwata.

"Ƙawa, na san abin da ke ranki. Bar shi. Ni zan je."

"Ke da kike amai a ruwa?"

"Sai in yi aman in wanke baki. Ƙafata ba taki ba ce?"

Na ba ta goro da ɗankwali sabo ta kai wa Maame. Na ce ta gaya mata abin da ya same ni, ta ce ina nan tafe da zarar na fita, ta riƙe mini wurina. Sau biyu na maimaita mata. Ta ce, "Kai, ƙawa, sai ka ce yarinya kike aike."

Kwana shida ta yi. Ta dawo ta wuto gidana kafin ta je nata, ƙafafunta a kumbure. Ta zube a ƙofar ɗaki.

"Babu kowa, ƙawa. Ƙauyen ya tashi. Bukkoki a buɗe, murhun banda duk sun rushe."

"Tsuntsayen fa?"

"Ko ɗaya. Tudun ma ciyawa ce a kai."

"Kin tambayi masu kwale-kwale?"

"Na tambaya har muryata ta dushe. Wani ya ce sun koma kudu, wani ya ce sun haye. Ba wanda ya sani."

Ta fito da goron da ɗankwalin ta ajiye a gabana, hawaye na zuba. Ni da na rasa miji, ni na koma ina ba ta haƙuri. Na ce ta riƙe ɗankwalin, ladan wahala. Na ce ta riƙa saye daga motocin da ke zuwa, ta kula da kastomomina kada su watse. Ta ce in Allah ya yarda.

Ana saura kwana kaɗan addu'ar arba'in, ranar Juma'a, langa ta zo. Miyar ayoyo ce da tarwaɗa, manya-manyan yanka. Na sa hannu, na kai baki, na tsaya. Hayaƙin kaɗanya. Na juya yankan wutsiyar da yatsa, na ga ramin tsinke, na ga jan nan. Da ƙawata ta zo da yamma na tambaye ta.

"Kifin nan daga ina?"

"Daga mota mana. Ya yi daɗi?"

"Ya yi kama da hannun Maame."

Ta yi dariya. "Ke komai Maame. Ita kaɗai ce mai itace a duniya? Kewa ce ke damunki, ci abinki."

Na ci. Bayan ta tafi na yi istigfari a kan zargin da ya ɗarsu mini. Na ce mace mai takaba, zaman ɗaki ne ya sa zuciyarta ke kawo mata abin da babu. Ni da aka sani da sa ido, ni da ba a taɓa sayar mini da ruɓaɓɓen ƙasan kwando ba, na rufe idona da hannuna. Ranar arba'in aka yi sadaka da waina da ɗan naman da 'yan'uwa suka kawo. Kifi ko ɗaya babu a gidan mai kifi. Wata gwaggon maigidana ta faɗa a tsakar gida, don in ji.

Na fita takaba, na yi wanka, na sa sabon zane, na zaga gidaje ina godiya. Rana ta uku na je Asafo ban gaya wa kowa ba. Tun daga nesa na hango rumfar. Gefena babu komai sai benci. Gefen ƙawata kwanduna har sun kai kafaɗa, masu gidan abincin da suke saye a hannuna tun zamanin Mma suna tsaye a gabanta. Da ta gan ni ta yi guɗa, ta rungume ni, ta ce Allah ya kawo wata mota daga wani gari mai kifi mai kyau. Ta ce za ta je tasha ta dawo yanzu, in zauna.

Maƙwabciyar rumfarmu wata tsohuwa ce 'yar Asante, barkono take sayarwa. Ta yi mini ta'aziyya da Tiwi, ta tsokane ni wai na yi fari kamar amarya, ko wani Alhaji ya fara aike. Tana magana tana share garin barkono daga kan teburinta da wani abu fari. Na duba. Gashi uku ne, dogaye, an ɗaure gindinsu da roba.

"Mai barkono, ina kika sami wannan?"

"Ei! Wannan? Ƙawarki ce. Duk kayan da ya zo mata sai ka ga gashi a igiya, sai ta cire ta yar. Na ce ba ni, ya fi tsumma. Mutanen ruwa da ƙazanta, ko kaza suke figewa a kan kwando?"

"Sau nawa kayan suka zo?"

"Ga shi kina gani. Uku."

Na ce ta ba ni. Ta ce me zan yi da tsintsiyarta. Na ce wasiƙuna ne. Ta kalle ni kamar takaba ta taɓa mini kai, amma ta miƙo. Na karkaɗe barkonon, na cusa su a haɓar zane, na bar kasuwar kafin ƙawata ta dawo. Ban yarda da bakina ba a ranar.

Washegari na hau motar Yeji. Muka haye dutsen Mampong, muka wuce Ejura, muka wuce Atebubu, ban sayi ko ruwa ba. A Yeji na sami wani mai kwale-kwale da ya san ni tun ina bin Mma. Ya kai ni tsohon wurin tukuna, don na ce sai na gani da idona. A nan ƙawata ba ta yi ƙarya ba. Bukkokin a buɗe, murhun da na sha zama kusa da shi ya tsage biyu. Inda muke ɗaure kwale-kwale shanu ne ke kiwo. Na tambaye shi me ya faru. Ya ce ruwan ya janye fiye da yadda ya saba, mashigin da kifi ke taruwa ya cike da laka, ga masu raga mai ƙananan ido sun yi yawa, suna kwashe har 'ya'yan. Ya ce tsuntsayen sun zo, sun yi shawagi kwana biyu, ba su sauka ba, suka yi arewa. Masuntan suka naɗe ragarsu suka bi su.

"Kowa ya san inda suka koma?"

"Hajiya, ko akuyar Yeji ta sani. Ai ni na kai ƙawarki."

Yini guda muka yi a jirgi mai inji. Da la'asar sakaliya muka karya wata kwana, sai ga su a kan wani sabon tudu. Na ƙirga, goma sha ɗaya. Suna tsaye sun saki baki a ƙirji kamar dattawa bayan sallah. Ba su san wani abu ya faru ba. Abinci ya matsa, suka matsa. Na daɗe ban ji haushin tsuntsu ba, ranar ma ban ji ba.

Maame tana gaban murhu, ta rame, gashin kanta ya yi fari fat. Da ta gane ni ta yar da itacen hannunta, ta kama kafaɗuna biyu ta girgiza ni.

"'Yar Mma! Sau uku ina kira! Sau uku! Kin kurumce?"

Na fito da gashin na nuna mata. Na ce sai a kwanakin nan suka iso hannuna.

Ta zaunar da ni a kan turmi, ta faɗa mini da Hausarta da Tiwinta a haɗe. Ƙawata ta zo, ta ce mijina ya mutu, ta ce na bar sana'a, wai ɗana zai ɗauke ni zuwa Ankara, babban birnin ƙasar, rumfar ma na bar mata. Goro da ɗankwali ba ta ga ko ɗaya ba. Maame ta ce ta yi kuka, ta zaɓi tarwaɗa mafi girma ta cika ƙaramin kwando, ta ce a kai mini in yi wa mijina sadaka. Amma zuciyarta ba ta kwanta ba. Ta ce, "'Yar Mma ba ta tafiya babu sallama. Na ce bari in sa gashi. Rumfa ɗaya kuke, za ki gani."

Na ce to ga ni na zo. Na ce a mayar da abu yadda yake.

Ta juya kifin da ke kan wayar murhu. Sannan ta kira babban ɗanta, wanda yanzu jiragen ke hannunsa tunda uban ya tsufa. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya kasa kallon idona. Ya ce da suka komo nan ba su da komai, ragarsu ta yayyage a hanya. Ƙawata ta dawo musu da zaren raga da gishiri, suka zauna gaban dattijon ƙauyen, suka ba ta baki cewa kifin bana da na baɗi nata ne. A wurinsu in an yi magana gaban dattijo ba a tashinta.

"A kan ƙarya kuka ba da bakin," na ce.

"Hajiya, mun sani yanzu. Amma mun bayar."

"To ku raba biyu."

Maame ta ja hannuna ta kai ni ɗakin ajiya. A tsohon ƙauye ɗakin nan ba ka samun wurin sa ƙafa. Nan kuwa kwanduna ne a kusurwa ɗaya, sauran fili. Ta ce, "Duba. Wannan na mutum biyu ne? Tsuntsun ma da ya zo nan ba ya ƙoshi. Baɗi ban san ina za mu bi shi ba."

Na kwana biyu a wurinta. Ranar da zan tafi ta cika mini ƙaramin kwando daga abin da ta ajiye na bakinta, ta ce na sadakar ne, ko ya makara a yi. Ta ɗaure igiya. Na tsaya ina kallon hannunta, ina jira. Ta gane abin da nake jira. Ta ce, "Ba zan sa ba, 'yar Mma. In na sa, me zan kira ki ki zo ki ɗauka?" Abin da Mma ta ƙulla tun ina goye, a nan ya ƙare, a bakin wani tudu da ban ma san sunansa ba.

Na iso Kumasi ranar Laraba. Alhamis na dafa kifin, na raba gida-gida da sunan maigidana, na aika wa gwaggon nan kaso mafi girma. Langa tana gidana a makon, ni ke da kaiwa. Ranar Juma'a na wanke ta da toka har ta yi ƙyalli, na goge, na sa gashin uku a ciki, na rufe. Ban hau tirotiro, motar haya, ba. Da ƙafa na bi ta Manhyia har Dichemso, langar a hannuna ba nauyi, ina jin gashin yana motsi a ciki.

Na sami ƙawata a tsakar gida tana tsince shinkafa. Ta yi tsalle.

"Ƙawa! Da kanki? Ina kika shiga, na je gidanki sau biyu! Me aka dafa mana?"

Ta karɓa, ta ji babu nauyi, dariyar ta ragu. Ta buɗe. Ta daɗe tana kallo.

"Mene ne wannan?"

"Kin yar da su a kasuwa. Maame ce ke kirana da su. In ta sa gashi a igiya, ni take cewa in zo. Daga wurinta nake."

Ta zauna a kan kujera 'yar tsugune. Ta rufe langar, ta sake buɗewa. Na zaci za ta yi kuka, na riga na shirya wa kukan. Ba ta yi ba. Ta ɗago kai.

"Ashe ke ma kina da abin da kika ɓoye mini."

"Gashin tsuntsu na ɓoye. Ke me kika ɓoye?"

"Shekara nawa ina zaune a gefen rumfarki? Kowa ya zo, ina mai kifin? Sai a nuna ki. Ni mai tsaron benci. In kin ga dama ki ba ni kwando biyu, in ba ki ga dama ba ɗaya. Kina tsammani ban san kin fi ni ba? Kullum sai kin tuna mini, ko ba ki buɗe baki ba."

"Da kika zo gidana da toka a zane, na tuna miki?"

"Ke ɗanki yana aiki. Ni 'ya'ya bakwai ne a gabana, uban ba ya iya tashi. Na je na ga kifin ba zai ishe mu mu biyu ba. Na ce bari in riƙe na bana, in kin fito in gaya miki. Wallahi na yi niyya."

"Na baɗi ma da niyyar kika karɓa?"

Kajinta suka zo suna cin shinkafar da ke faranti, ba ta kore su ba.

Na ce, "Abu ɗaya na zo tambaya. Kwandon da ta ba ki na sadakar maigidana, ina yake?"

Ta kalli ƙasa. Ta ce ta rasa yadda za ta kawo shi ba tare da na gane ba. Ta ce rabi ta sayar. Rabin kuwa, ta ce da ƙaramar murya, ai ta kawo mini.

"Yaushe?"

"A miyar ayoyo."

Na tuna yadda na sa hannu na tsaya. Na tuna na ci har na side langar, na yi mata godiya, na roƙi Allah gafara don na zarge ta. Sadakar mijina na cinye ni kaɗai a ɗaki, daga hannun wadda ta ɗauke ta. Ban ɗaga murya ba, gidan haya ne, mutane na leƙe ta labule. Na gyara mayafina. Ta ce, "Ƙawa, tsaya ki ɗauki langar, ba a mayar da ita haka." Na ce na sani.

Na ci gaba da zama a Asafo shekara biyu ina saye daga mota kamar kowa, kifin da ya bi hannu uku. Ƙawata ta matsa zuwa wata rumfa a layi na gaba, kastomomin suka bi ta, ban ga laifinsu ba, kifinta ya fi nawa. Daga baya na bar wa 'yar ƙanwata rumfar, ita robobi take sayarwa a ciki. Ni yanzu daddawa da kanwa nake kasawa a ƙofar gida. Rasuwar Maame a bakin wani direba na ji, bayan an yi wata biyar. Ya ce mutanen sun sake tashi, sun ƙara yin arewa, wai tsuntsayen ma yanzu sai a yi shekara ba a gan su ba. Ban tambaye shi ko kifin yana zuwa wa ƙawata ba. Ba na son in ji amsar ta yi mini daɗi.

Muna haɗuwa har yau, a suna, a gidan rasuwa. Zongo ba ta da faɗin da za ka guje wa mutum. Nakan gaishe ta cikakkiyar gaisuwa, in tambayi 'ya'ya ɗaya bayan ɗaya, in tambayi ƙafa. Ba wanda zai ce na yi gaba. Hajiya nake ce mata yanzu, ba Ƙawa ba.

Juma'ar da ta biyo bayan zuwana Dichemso, surukarta ta yi sallama da langar a kai, da zafinta, ƙamshin yana fita. Na ce ta gaida uwar mijinta, ta ce mata na ƙoshi. Ban taɓa murfin ba. Juma'a ta biyu ma ta zo, na faɗa mata haka, ta juya. Ta uku na idar da sallah na fito da kujerata ƙofar gida, na zauna ina fuskantar bakin lungu. Har yau ban san abin da zan yi ba da ta ɓullo. Na zauna har aka kira la'asar, ba ta zo ba, na ɗauki kujerata na shiga ciki.